Tatsuniyar Rana da Rantsuwar Harun

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina. An ce muku Halima ita ce matar da ta zauna a tsakiyar tashar Suk al-Shabi, cikin maza, tana ba da labarin aljanu da kisan kai, har muryarta ta shiga kaset ta zaga gari a motocin haya. An ce muku Baffa Malam Idris, ƙanin mahaifinmu, ya rasu bai ƙara cin abincin hannuna ba. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Abin da masu ba ku labarin suke tsallakewa shi ne dalili, don mai gulma ba ya son dogon zance. To, ni yanzu gwiwoyi sun hana ni zuwa ko'ina, lokaci kuwa ina da shi har ya yi mini yawa.

Sojoji ba su daɗe da hawa mulki ba aka zo rushe unguwarmu. Gidajen ƙasa ne a gefen Khartum, mu Hausawa muka fi yawa a ciki, yawancinmu 'ya'yan waɗanda suka tsufa a gonakin audugar Jazira. Aka ce za a kwashe mu zuwa Dar Salam, can bayan Omdurman, kowane gida a ba shi fili. Wanda ke rubuta sunayen masu samun fili kuwa ba baƙo ba ne. Abakar ne, Bahaushe ɗan unguwarmu, wanda mahaifinmu ya yanka ragon sunansa da hannunsa. Da ɗan gari akan ci gari. Ranar da Baba ya je gabansa, Abakar bai ko ɗaga kai ba, ya ce ba shi da jinsiyya, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka baƙo ne. Mutumin da aka binne cibiyarsa a Jazira! Filin da ya kamata a ba mu aka rubuta wa surukin Abakar. Motar kaya ta juye mu a Dar Salam kamar yashi, muka kafa rumfar buhuna da kwali a gefen filin wasu, ba itace, ba inuwa, ruwa sai wanda jaki ya jawo a ganga. Baba ya zauna a bakin rumfar ya daina magana. Ba ciwo ya kwantar da shi ba, ni dai ban ga ciwo ba. Wata biyu ya yi a haka ya rasu.

Ƙanena Harun, uban wasunku, kawun wasunku, a lokacin saurayi ne mai tuƙa hafila, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Suk al-Shabi da Omdurman. Ku kun san shi da furfura da raha, yana rabon alewa. Ni na san shi da wuƙa ɗaure a dantse da idanu jajur. Ana dawowa daga kai Baba makwancinsa, mutane ba su ma watse ba, ya ɗauko Alƙur'anin Baba daga gafaka ya ɗora hannu ya rantse sai ya kashe Abakar. Inna ta fito daga rumfa da fararen kayan takaba ta riƙe masa ƙafa tana kuka.

"Harun, na binne miji yau. Kada ka sa in binne ɗa."

Ya dube ta ya ce:

"Inna, ba zan ɗora miki wani makoki kina cikin wannan ba. Ki yi takabarki lafiya. Amma ranar da kika fita, ranar ni ma zan fita."

Wata huɗu da kwana goma ke nan. Abin da muke da shi ke nan a hannu, kuma kowa a gidan ya san Harun ba ya magana biyu. In ya kashe Abakar, a wancan zamani ba wata doguwar shari'a, rataye shi za a yi.

Baffa Malam Idris ne ya fara gwadawa. Kowace Juma'a zai zo ya zaunar da shi ya jawo aya ya jawo hadisi a kan haƙuri da yafiya. Harun zai sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Baffa," in Baffa ya tafi ya ɗauko dutse ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Dattawan unguwa suka yi nasu, abokansa suka yi nasu. Ni ma na yi, da zagi da lallashi, duk a banza. Da ya ji an buɗe baki da "ka yi haƙuri" sai fuskarsa ta rufe ruf kamar ƙofar shago. Kuma bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa Baffa ba: ni kaina ba na son jin wa'azin nan. In na kwanta, mutuwar Abakar nake zanawa a raina kala-kala. Ina son ya mutu, ba na son ƙanena ne ya kashe shi. Haka zuciyata take, ba zan yi mata kwalliya don kun girma ba.

Sana'ata a lokacin shayi da jabana, kofi ke nan mai citta, a ƙarƙashin wata katanga a tashar. Mijina Musa yana can Gadarif wajen yankan riɗi, ni ce nake riƙe da gida. Shekarar mai ya yi wuya, direbobi sukan jera motoci a layi su zo su baje a kan kujeruna daga azahar har la'asar, ba aikin fari ba na baƙi. Wata rana Harun yana zaune a cikinsu, shayinsa ya huce a gabansa, bai ce wa kowa uffan ba tun safe. Ina wanke kofuna ina kallonsa, haushi ya turnuƙe ni, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aka tuntsire da dariya. Wani tsohon direba, Ammu Jibrin, ya tashi tsaye har yana zubar da jabanarsa.

"La, la, ya Halima! Tatsuniya da rana tsaka? Kin manta abin da iyayenmu suka ce? Mai yi da mai ji duk ɓatan hanya za su yi. Mu direbobi ne fa, in muka ɓata ina za mu kai mutane?"

"Ammu, dare ai na sojoji ne yanzu, sun hana fita. Rana ce kaɗai suka bar mana."

"To ki ɗaure Gizo tukuna."

Na kama bakin mayafina na ƙulle shi tam, yadda kakarmu takan yi in mun matsa mata da rana, na ce na ɗaure Gizo. Ammu Jibrin ya duba ƙullin da kyau kamar mai duba taya, ya koma ya zauna ya ce, "Ta zo mu ji ta." Tun daga ranar ba a fara labari sai ya ga ƙullin da idonsa.

Labarin ba wanda na gada ba ne, a wurin na ƙirƙire shi. Wani mai kwalekwale ne, Sambo, a inda koguna biyu suka haɗu. Wasu manya bakwai suka haɗa baki suka ɓalle madatsar ruwa a kan ƙauyensu don su mallaki ƙasar. Ruwa ya cinye masa mutum shida: ubansa, matarsa, 'ya'yansa biyu, ƙanwarsa da amininsa. Uwarsa kaɗai ta tsira, ya zaunar da ita a gindin wata tsamiya a bakin gaɓa ya ce ta jira shi. Ya tuƙa zuwa tsakiyar ruwa ya kira matar da ke zaune a ƙarƙashin kogi, wadda gashinta gansakuka ne, ya roƙe ta ƙarfin da ba ƙofar da za ta tsaya masa, ba ƙarfen da zai huda shi. Ta ba shi, da sharaɗi guda. Duk wanda ya kashe cikin bakwai ɗin, za ta ɗauke masa mutum ɗaya daga cikin kansa, wanda yake ƙauna, ya manta shi kamar ba a taɓa yinsa ba. Sambo ya ce ya yarda. A nan na tsaya ranar farko, na kwance ƙullin. Da na ɗaga kai na ga Harun ya shanye shayinsa mai sanyi.

Ban mai da Sambo mutumin kirki ba, ban kuma mai da shi mugu ba, don ban san yadda zan yi ƙarya irin wannan ba. Duk fushin da ke cikina na zuba masa. Ya kashe na farko a cikin rumbun hatsinsa, na ba da labarin dalla-dalla har direbobi suna tafi. Wajen shiga gidan na biyu ya kashe mai gadi, talaka mai 'ya'ya biyar da bai san hawa ba bai san sauka ba, washegari kuma ya kai wa marayun kifi ya ajiye a ƙofa. Ya yaudari wata yarinya da alkawarin aure don ta nuna masa ɗakin ubanta. Ya ceci wani ƙauye daga 'yan fashi a hanya, ba don Allah ba, don sun tare masa gaba. Sai tasha ta rabu biyu. Wasu su ce gwarzo ne, wasu su ce ɗan wuta ne, har an taɓa cin kwalar juna a kan Sambo, mutumin da ba ya nan sai a bakina. A wannan gardama ne Harun ya fara magana bayan makonni. Ammu Jibrin ya ce Sambo ya zama irin waɗanda yake farauta, Harun ya buga kofi a tire.

"Wa ya fara? Ku faɗa mini, wa ya fara? Da yana zaune yana kamun kifinsa!"

"To mantuwar fa? Jiya ya wuce kabarin ƙanwarsa yana tambaya na wane ne."

"Matattu ne, Ammu. Ya tuna su, kada ya tuna su, ba za su dawo ba."

Na ji wannan magana na adana ta. Kullum sai ya zo, ko layin mai ya motsa sai ya ba wani ya ja masa motar. Ba ya jin ana yi masa wa'azi, don babu wa'azi a ciki. A ganinsa, karo na farko ke nan da wani ya tsaya a bayansa.

Ban san wanda ya fara kawo rikoda ba. Na dai wayi gari na ji muryata tana fita daga tagar wata hafila a kan gadar Omdurman, fasinjoji Hausawa suna fassara wa Larabawa. Taro ya yi yawa a wurina har masu kame na hukuma suka zo suka watsa mu, suka kwashe mini butoci da murhu da kujeru. Washegari direbobi suka zo, wannan da butar matarsa, wancan da murhu, wani da benci a saman mota, muka ɗora daga inda muka tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Ni da ban taɓa zama a aji ba, ga maza masu gemu sun yi tsit suna jiran abin da zan ce.

Saura mako guda Inna ta fita takaba, Sambo ya kashe shida saura ɗaya, Baffa Malam Idris ya zo rumfarmu. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa ba. Kaset ɗin ya kai har ƙofar masallacinsa, almajiransa manya suna gardama a kai.

"Halima, muryar mace a motocin haya na haƙura. Aljanu da tatsuniyar rana, na kau da kai. Amma ɗan'uwanki yana da rantsuwa a wuya, ke kuma kina hura masa wuta. Kashe mutum shida kin mayar abin tafi."

"Baffa, me kake so in yi?"

"Ki sa mutumin nan ya tuba. Ya je gaban na bakwai, ya tuna Allah, ya yar da makami ya yafe. In ba za ki iya ba, ki rufe bakinki daga yau. In kika bari ya kashe na bakwai, jinin Abakar da na Harun suna wuyanki, kuma ni da abincinki har abada."

Ba mugun mutum ba ne Baffa, kada wani ya ce muku haka. Tsoro yake ji, irin wanda nake ji. Kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don ba ni da tabbacin komai. Kwana shida na yi ina jujjuya abin ina ƙona wa mutane shayi. Amma na san ƙanena. Ranar da Sambo ya buɗe baki ya ce "na yafe," Harun zai gane muryar Baffa ce a cikin rigar Sambo, zai tashi ya kaɗe wandonsa, kuma ba zai ƙara sauraron kowa ba. Sambo bai taɓa yi masa ƙarya ba, ba zan sa ya fara a ranar ƙarshe ba. Na aika wa Baffa cewa ya yi haƙuri, na bakwai zai mutu.

Ana gobe Inna za ta fita takaba, tasha ta cika har kan motoci. Na ƙulle mayafi. Na kai Sambo gidan babban cikinsu, wanda ya ba da umarnin ɓalle ruwan. Ban rage komai ba. Mutumin ya yi kuka, ya yi roƙo, ya tone asirin kansa, Sambo ya danna kansa a cikin randar gidansa har ya daina motsi. Tasha ta ɗauki ihu da kabbara. Na saci kallon Harun, ya miƙe tsaye, fuskarsa tana walƙiya. Na bari suka gama murnarsu. Sannan na ce Sambo ya shiga kwalekwalensa ya tuƙo gida, jikinsa sakayau, ba abin da ke damunsa. Ya iso gaɓa ya ga wata tsohuwa a gindin tsamiya, ta rame, ƙafafunta sun kumbura don zama. Tana ganinsa ta taso da rarrafe tana kiran sunansa na yarinta. Sambo ya ja da baya don kada ta ɓata masa riga, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike jira a nan?"

Direbobin nan da ba a cin su a lissafin fasinja, ba wanda ya lura matattu shida ne, maƙiya bakwai. Ammu Jibrin ya rufe fuska da rawaninsa. Ni kuwa na kwance ƙullin na fara tattara kofuna. Harun ya tako har gabana.

"Yaya, ba a nan ya ƙare ba."

"A nan ya ƙare."

"Ki gyara. Ki mayar masa da uwarsa. Ya koma wajen matar ruwan, ya yi wata dabara."

"Ba ni na karɓe ta ba, Harun. An faɗa masa sharaɗi tun ranar farko, kana zaune a nan, ya ce ya yarda."

"Wallahi zalunci ne! Ita me ta yi? Tana zaune tana jiransa!"

"Ba ta yi komai ba. Zama kawai take tana jira."

Ya ɗauki kofi ya maka da katanga, ya ratsa taro ya tafi. Bai kwana a gida ba.

Da safe mata suka taru aka yi wa Inna wankan fita takaba, ta sa tufafi masu launi karon farko. Ba wanda ya ambaci sunan Harun, amma duk motsin da aka ji a waje sai kowa ya waiga. Inna ta ƙi cin komai, ta zauna a bakin rumfa, a daidai inda Baba yakan zauna, ta zuba wa hanya ido. Wata maƙwabciya da ta ji saƙon Baffa ta ce da ni a kunne, "Kin ga abin da bakinki ya jawo." Na shiga bayan rumfa na tsuguna, na ce ya Allah, in na yi kuskure ka ɗora a kaina, kada ka ɗora wa tsohuwar nan.

Rana ta take tsaka sai ga amalanken jaki yana tahowa, Harun yana tafe a gefensa. Na duba rigarsa tun daga nesa, fara ce tas. Ya sauke buhun garin dawa, da galan na mai, da kuɓewa busasshiya, da cinyar rago a nannaɗe cikin takarda. Ya je ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta, ya daɗe a durƙushe, tana shafa kansa. Sannan ya taso ya zo wurina, yana kallon ƙasa, yana magana ciki-ciki kamar wanda aka tilasta.

"Yaya, ki ɗora tukunya. Na mutum goma."

"Wane mutum goma? Baƙi za ka yi?"

"Miskinai goma. Na tambayi wani malami a Omdurman, ya ce haka ake yi in mutum zai warware rantsuwa." Ya ɗago ya harare ni. "Kada ki ce komai. Kuma ban yafe masa ba, ki sani."

"Wa ya ce ka yafe? Ni ma ban yafe ba. Miƙo mini garin."

A Dar Salam ta wancan lokaci ba a wahalar neman miskini, duk wanda ka taɓa shi ne. Kafin ruwa ya tafasa an samu goma har da ƙari. Abakar ya rayu ya tsufa ya mutu a kan gadonsa, filinmu bai dawo ba, kuma har ya bar duniya ban amsa sallamarsa ba. Baffa ya riƙe maganarsa kamar yadda na riƙe tawa, yakan zo gidana ya sha ruwa ya tashi, wannan kuwa ya yi mini ciwo har yau. Amma a ranar ban san da wannan ba, kuma ko na sani ba zai hana ni abin da na yi ba. Ina tsaye a kan tukunya, muciya a hannu, hayaƙi yana shiga mini ido, na ga ƙanena yana shimfiɗa wa miskinai tabarma da ransa da lafiyarsa, sai guɗa ta ƙwace mini. A gidan da aka fita takaba da safe! Mata suka zaro ido, wata ta ce, "Halima, kin haukace? Rufa mana asiri!" Na sake rangaɗa ta biyu, wadda ta fi ta farko. Ina jan numfashi zan yi ta uku sai na ji an riga ni daga bakin rumfa, da wata murya duk ta dushe don kuka. Inna ce.